Babel, dambel, na'ura ko roba: da wanne ya kamata ka riƙa tura nauyi sama don lafiyar kafaɗarka?

Duk wanda ya ɗan jima cikin harkar ɗaga ƙarfe ya ji maganganu biyu masu karo da juna. Wasu na cewa tura ƙarfe sama da kai shi ke lalata kafaɗa, a guje shi. Wasu kuma na cewa barin sa ne ke lalata ta. Ni na fi karkata ga na biyun, amma da sharaɗi. Ba kowane irin turi ne ya dace da kowace kafaɗa ba, kuma a ganina abin da ke jawo wa mutane ciwo ba turin kansa ba ne, abubuwa biyu ne: zaɓen kayan da ke tilasta wa hannu bin hanyar da gaɓar ba ta kai ba tukuna, da gaggawar ƙara nauyi. Idan kana tsaye kana tunanin wanne za ka saya, ko wanne za ka nufa a ɗakin motsa jiki, waɗannan biyun su ne mizaninka.

Yadda kafaɗa ke aiki idan hannu ya tashi

Babu gaɓar da ta kai ta kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam, kuma sakewar nan ita ce rauninta. Kan ƙashin damtse babba ne, mulmulalle, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi. Abin da ke taɓa gurbin a lokaci guda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ba. Gaɓar kwankwaso zurfin gurbinta ke riƙe ta, ta kafaɗa kuwa tsoka ce ke riƙe ta: ƙananan tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka yi wa kan ƙashin ɗamara. Zan riƙa kiran su tsokokin ɗamara. Aikinsu shi ne su tsare kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa yayin da babbar tsokar saman kafaɗa ke jan hannu sama.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Hannu ba ya kaiwa sama shi kaɗai. A cikin digiri 180 da yake yi daga gefen cinya zuwa saman kai, kimanin 120 ne ke fitowa daga gaɓar, sauran 60 daga juyawar allon kafaɗa a kan haƙarƙari. Wannan lissafi na biyu da ɗaya ya shahara ne tun daga binciken wani likita mai suna Inman da abokan aikinsa a 1944. Masu juya allon su ne tsokar da ke kwance a kan haƙarƙari ƙarƙashin hammata, mai fasalin haƙoran zarto, da babbar tsokar da ta sauko daga ƙeya zuwa tsakiyar baya. Idan allon ya juya sosai, rufin ƙashin da ke saman gaɓar yana dagawa tare da hannun, gurbin ya koma ƙarƙashin kan ƙashin ya tallafe shi.

Nan ne turi sama ya bambanta da turin ƙirji da ake yi a kwance a kan benci. A benci, nauyin jikinka ya danne allunan biyu, ba sa motsi. Mutum zai shekara yana wannan, ƙirji da gaban kafaɗa su cika, amma tsokokin da ke juya allo suna nan yadda suke. Turi sama yana sa su aiki tare da tsokokin ɗamara, cikin irin motsin da za ka yi in za ka ɗora kaya a wuri mai tsawo ko ka jefa wani abu.

Akwai hujjar cewa ƙarfafa tsoka na kare gaɓa. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, wanda Lauersen da abokansa suka fitar a 2014, ya gano cewa atisayen ƙarfi ya rage raunin 'yan wasa zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. A Norwe kuma, gwajin da aka yi da 'yan ƙwallon hannu 660, aka buga a 2017, ya nuna raguwar matsalolin kafaɗa da kashi 28 cikin ɗari ga waɗanda suka bi wani shirin ɗumama jiki sau uku a mako. Sai dai a lura, shirin nasu ya ƙunshi atisayen tsokokin ɗamara ne da na allon kafaɗa da sakewar gadon baya, ba turi sama zalla ba. Wato turin ginshiƙi ne guda, ba shi ne ginin duka ba.

Tsoron ɗaga hannu sama kuma yana da tarihi. A 1972 likitan ƙashi Charles Neer ya bayyana cewa rufin ƙashin nan na gogar jijiyar da ke ƙarƙashinsa, aka shafe shekaru ana yin tiyatar kankare shi. A 2018 manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finland, suka nuna cewa tiyatar ba ta fi tiyatar gwaji da ba a kankare komai ba amfani. Shi ya sa yau atisaye ne abin da ake fara bai wa mai irin wannan ciwo.

Ma'aunai biyar

Na farko, sakewa: shin kayan na barin allon kafaɗa ya juya, hannu kuma ya zaɓi hanyarsa? Kafaɗa ta fi samun daɗi idan gwiwar hannu ta ɗan shigo gaba da kimanin digiri 30, maimakon a baje ta gefe sak. Na biyu, girman matakin ƙarin nauyi, domin jijiya ba ta saurin sabawa da nauyi kamar tsoka. Na uku, sauƙin koyo. Na huɗu, abin da zai faru in ƙarfinka ya ƙare ƙarfe na sama da kanka. Na biyar, kuɗi da ƙarko.

Kafin komai, yi wannan gwaji. Jingina bayanka da bango, ka matse ciki don kada haƙarƙari su bulluƙo, ka ɗaga hannaye a miƙe har manyan yatsu su taɓa bangon sama da kanka. In sun taɓa ba tare da ƙugunka ya lanƙwashe ba, ba ciwo kuma, duk zaɓin da ke ƙasa a buɗe yake gare ka. In ba su kai ba, ka riƙe wannan a ranka, zai yanke maka rabin hukuncin.

Babel a tsaye

Doguwar sandar ƙarfe da ake jera wa fayafayai a gefe biyu ita ce uwar wannan atisaye. Har a gasar Olamfik an riƙa yin wannan turi, sai bayan wasannin Munik na 1972 aka cire shi, saboda 'yan wasa sun riƙa kwantawa baya sosai har alƙalai suka kasa bambance turi na gaskiya da na dabara. Wannan tarihi ya nuna ainihin haɗarin babel: idan nauyi ya fi ƙarfin kafaɗa, jiki na neman mafita a ƙugu.

Ta fuskar sakewa, rabi da rabi ne. Tunda a tsaye kake, ba abin da ya danne allon kafaɗa, yana juyawa yadda ya so, kuma wannan babbar riba ce. Amma hannaye biyu a ɗaure suke da sanda ɗaya, tafin hannu na kallon gaba dole, kuma sai ka janye fuska baya sandar ta wuce sannan ka mayar da kai ƙarƙashinta. Wanda bai ci gwajin bango ba, ba zai iya kai sandar daidai saman kansa ba sai ya ranto ragowar daga ƙugu.

Inda babel ya yi wa kowa fintinkau shi ne matakin ƙari. Da ƙananan fayafayai na kilo 1.25 za ka tashi daga 30 zuwa 32.5, ƙarin kusan kashi 8 cikin ɗari. Da na rabin kilo kuwa, daga 30 zuwa 31, kashi 3 kacal. Babu wani kayan da ke ba ka wannan lallaɓawa na tsawon shekaru. Matsalar tana farko ne: sandar maza ta gasa kilo 20 ce ba a sa mata komai ba, ta mata 15, kuma sabon shiga da yawa ba za su iya tura ko wofin sandar da kyau ba. Koyonsa na son mai nuna maka. Kuɗinsa ya fi na kowanne a cikin kayan gida, don bayan sanda da fayafayai kana buƙatar maɗorin da ake ajiye sandar a kai, da ɗaki mai tsawon rufi. Amma in ka kiyaye shi daga tsatsa, har jikoki za su gada.

Wata 'yar magana a nan game da saukar da sanda ta bayan ƙeya. Wannan salo na baje gwiwar hannu gefe ya kuma murɗa damtse baya har ƙarshe, matsayin da gaban gaɓar ya fi rauni, kuma irin matsayin da kafaɗa ta fi gocewa a cikinsa. Masu sakewar gaɓa sosai suna yin sa lafiya. Amma wanda lafiyar kafaɗa ce ta kawo shi, ban ga abin da zai samu a can da ba zai samu ta gaba ba.

Dambel

In aka ce in zaɓar wa mutumin da ban sani ba kaya guda ɗaya, dambel zan ce, wato gajeren ƙarfe mai nauyi a gefe biyu da ake riƙewa da hannu ɗaya. Kowane hannu da nasa ƙarfen, don haka kowace kafaɗa na bin hanyar da ta dace da ƙirarta. Kana iya juya tafin hannu su fuskanci juna, ka shigo da gwiwar hannu gaba, kuma sau da yawa wannan ɗan sauyin kaɗai kan kawar da tsinkewar da mutum ke ji da babel. Kai ba ya tare hanya. Hannun da ya fi rauni ba shi da wurin ɓuya a bayan ɗan'uwansa, nan take za ka gane shi.

Wani bincike da Saeterbakken da Fimland suka yi a Norwe a 2013 ya kwatanta babel da dambel, a tsaye da a zaune. Dambel a tsaye shi ya fi sa tsokar saman kafaɗa aiki, alhali shi ne salon da mutane suka ɗaga nauyi mafi ƙaranci da shi. Ga mai neman lafiyar gaɓa wannan ciniki ne mai kyau: tsoka ta yi aiki sosai, gaɓa ba ta ɗauki lodi mai yawa ba.

Aibinsa a matakin ƙari yake, kuma mutane kan raina shi. Dambel kan hau da kilo 2 ko 2.5 a kowane hannu. Daga 10 zuwa 12.5 ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne a rana ɗaya. Wa zai yi wa babel irin wannan tsalle? Amma da dambel ana yi kullum ba a ankara ba. Maganin shi ne ka daɗe a kan nauyi ɗaya kana ƙara yawan turi, daga 8 zuwa 12 ko ma 15, kafin ka hau na gaba. Wani wurin kula kuma shi ne ɗauko su zuwa kafaɗa da sauke su idan sun yi nauyi, don a nan ake fizgar gaɓa ba shiri. In ƙarfi ya ƙare kuwa, sauke su gefe ya fi sauƙi a kan kuɓuta daga ƙarƙashin sanda. Na ƙarfe zalla ba sa lalacewa. Masu maɓallin sauya nauyi sun fi tsada, suna rage cin wuri, amma ba sa jure yarwa ƙasa.

In za ka yi a zaune, kada ka manne bayanka da majingina kamar an ɗaure ka. Zama a benci marar majingina, ko durƙuso a gwiwa ɗaya ana turi da hannu ɗaya, ya fi barin allo ya motsa.

Ketilbel

Dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi a sama, asalinsa daga Rasha. Nauyin na rataye a bayan wuyan hannu, sai ya riƙa jan hannun zuwa baya kaɗan, kuma farawarsa daga gaban ƙirji take, gwiwar hannu a matse da jiki, matsayin da kafaɗa ke so. Idan ka kifa shi, gindin na sama kana riƙe da mariƙin, ƙaramin nauyi ma sai ya sa tsokokin ɗamara aiki tuƙuru. Ba ya mutuwa, ba ya cin wuri. Amma tsallensa ya fi na kowa muni: nauyin gargajiya kilo 16 ne, 24, 32, ko da masu hawa da kilo huɗu-huɗu ne, daga 16 zuwa 20 kashi 25 ne cikin ɗari. Yana kuma ƙuje bayan hannu kafin a iya riƙonsa.

Na'ura

Na'urar turi ta ɗakin motsa jiki, wadda ake zama a kujerarta a tura mariƙinta sama, ita ce mafi sauƙin koyo, kuma in ƙarfi ya ƙare sai dai nauyin ya koma mazauninsa, ba abin da zai faɗo maka. Ga dattijo, ko wanda tsayuwa ke ba shi wahala, ko mai tsoron ƙarfe a saman kansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son yadda wasu ke raina masu amfani da ita. Sai dai hanyar da hannu zai bi maƙerin na'urar ne ya zana ta, ba kafaɗarka ba. In ta dace da kai, madalla. In ba ta dace ba, kowane turi na maimaita kuskure guda a wuri guda. Majingina na rage motsin allo, kuma tunda na'urar ce ke daidaita nauyin, ƙananan tsokoki ba sa koyon wannan aiki. Ka nemi mai mariƙin da tafin hannu ke fuskantar juna, ka daidaita kujera yadda mariƙin zai fara daga daidai kafaɗa, ba ƙasa da ita can ba. Sayen ta don gida ɓarnar kuɗi ce a ganina: tana da tsada, aiki ɗaya take yi, igiyoyinta da ƙafafun juyinta kuma na son gyara.

Sanda a kusurwa

Wannan shi ne zaɓin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne na fi yi wa masu taurin kafaɗa sha'awa. Ana cusa kan babel ɗaya a kusurwar ɗaki ko a wani ɗan bututu da aka kafe a ƙasa, ka riƙe ɗaya kan da hannu guda, ka tura shi sama da gaba. Hannu ba ya kaiwa saman kai sak, yana tsayawa ne a tsakanin turin ƙirji da turi sama, daidai inda wanda ya faɗi gwajin bango ke iya kaiwa ba tare da ya karya ƙugu ba. Allon kafaɗa a sake yake gaba ɗaya, har ma kana iya miƙa hannu gaba a ƙarshen turin don tsokar haƙarƙari ta samu rabonta. Ƙasa na ɗauke wani ɓangare na nauyin sandar, kuma nauyin na raguwa yayin da sandar ke miƙewa, wato ya fi sauƙi a daidai wurin da gaɓar ta fi rauni. Kana da ƙananan fayafayan babel don ƙari a hankali. Da kafaɗa ta fara sakewa, sai ka durƙusa a gwiwa ɗaya ka ɗan sunkuya gaba a ƙarshe, turin ya ƙara kusantar saman kai. Iyakarsa ita ce ba ya horar da digirin ƙarshe na sama, don haka gada ce, ba masauki ba, ga mai son kaiwa can. In kana da babel, kusan kyauta ne.

Igiyar roba

Ita ce mafi araha, tana shiga jaka. Taka ta za ka yi ka tura sama. Ƙarfinta na ƙaruwa ne yayin da take miƙewa, don haka ƙasan turin ba nauyi, saman kuma ya fi tsanani. Tana da kyau wajen ɗumama jiki da atisayen tsokokin ɗamara, amma ba za ka iya auna ci gabanka da lamba ba. Rana da zafi na cinye ta, kuma in ta tsinke tana iya dukan ido, don haka a riƙa duba ta kafin amfani.

| Kaya | Sakewar kafaɗa | Matakin ƙari | Koyo | Haɗari | Kuɗi | Ƙarko |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Babel a tsaye | allo a sake, hannu a ɗaure | ƙanƙane sosai | da wuya | ƙugu, nauyi bisa kai | mai yawa | sosai |
| Dambel | cikakkiya | babba | matsakaici | ɗauka da saukewa | matsakaici | sosai |
| Ketilbel | cikakkiya | babba ƙwarai | matsakaici | wuyan hannu | matsakaici | sosai |
| Na'ura | kaɗan | matsakaici | sauƙi | hanya ɗaya tilas | mafi yawa | tana son gyara |
| Sanda a kusurwa | cikakkiya, ba ta kai ƙololuwa | ƙanƙane | sauƙi | kaɗan | kaɗan in akwai babel | sosai |
| Roba | cikakkiya | ba ya aunuwa | sauƙi | tsinkewa | mafi araha | gajere |

Kowa da nasa

Idan kafaɗarka lafiya lau, ka ci gwajin bango, kuma burinka ƙarfi mai ɗorewa, ɗauki babel, ka sayi ƙananan fayafayai tun ranar farko. Ka riƙa sa dambel jefi-jefi don kama hannun da ke ja da baya.

Idan sabon shiga ne kai, ko a gida kake atisaye kuma abu ɗaya za ka iya saye, dambel. Fara da nauyin da za ka tura sau 12 kana jin saura biyu ko uku a jikinka. Kwana biyu a mako ya isa, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara na atisayen ƙarfafa tsoka.

Idan aikinka na zama ne, bayanka ya yi tauri, hannu ba ya kaiwa bango, fara da sanda a kusurwa, ka haɗa da atisayen sake gadon baya, ka sake gwajin bayan 'yan makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan kai ɗan wasan jifa ne, ko ninƙaya, ko ƙwallon raga, kafaɗarka ta riga ta sha aikin sama a fili. Dambel ko ketilbel da hannu ɗaya, nauyi matsakaici, tare da roba don tsokokin ɗamara, ya fi maka babel mai nauyi, musamman a tsakiyar kakar wasa. Kai da kowa ma, duk turin da aka yi a haɗa shi da atisayen ja, don bayan kafaɗa ya samu nasa.

Idan shekaru sun ja, ko jiri da rashin daidaiton tsayuwa na damun ka, na'ura mai mariƙin da ke fuskantar juna, ko ƙananan dambel a zaune. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yayin turi.

Idan kuma akwai ciwo a yanzu, ka bambance iri biyu. Ɗan tsami da ke lafawa cikin kwana ɗaya, masu gashin ƙashi kan bar mutum ya ci gaba da shi da ƙaramin nauyi, kuma sanda a kusurwa ko roba su ne wurin farawa. Amma ciwon da ke tashin ka daga barci, ko hannu ya kasa ɗaguwa bayan faɗuwa, ko jin kamar gaɓar za ta fita, ko dindiris da ke sauka zuwa yatsu, ko kafaɗar da ta taɓa gocewa, wannan ba na zaɓen kaya ba ne. Likita zai fara gani, shi zai faɗa maka lokacin da za ka koma ɗaga hannu sama da nauyin da za ka fara da shi.